Jiri da Hajijiya: Tambayoyin da Hausawan Makka da Jidda Ke Yawan Yi Game da Kunne

Na daɗe ina raka 'yan'uwa asibiti a Makka da Jidda ina yi musu tafinta, kuma babu kukan da ke ba ni wahalar fassarawa kamar "jiri nake ji". Likita zai ce, "Dokha ce ko duwar?" Mai ciwo ya dube ni, ni ma in dube shi. Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa, daga bakin mazauna unguwannin Shara Mansur da Misfala a Makka har zuwa baƙin da suka zo Umara ciwo ya kwantar da su a masauki. Ni ba likita ba ne. Abin da kunnena ya tara ne a ɗakunan likitocin kunne, da abin da na karanta, kuma ba zai tsaya a madadin a duba mutum ba.

Me ya haɗa kunne da jiri? Ba ji kaɗai ne aikinsa ba?

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje da muke shafa a alwala, tare da ramin da ya dangana da dodon kunne. Akwai na tsakiya, ɗan ɗaki mai iska da ƙananan ƙasusuwa uku. Sai na can ciki, wanda ke binne a ƙashin kai, kuma shi aiki biyu yake yi. Ɓangare ɗaya mai siffar dodon koɗi shi ke ji. Ɗaya ɓangaren shi ne ma'aunin jiki: bututu uku lanƙwasassu kamar rabin zobe, cike da ruwa, kowanne ya fuskanci nasa ɓarin, da 'yan jakunkuna biyu a gindinsu. In ka juya kai ruwan ya motsa, ya taɓa wasu siraran gashi, su kuma su kai wa ƙwaƙwalwa labari. Jakunkunan suna ɗauke da mitsi-mitsin tsakuwoyi, sinadarinsu ɗaya da alli, kuma nauyinsu ne ke gaya wa jiki inda ƙasa take, da ko lif ɗin otal hawa yake yi da kai ko sauka.

Ƙwaƙwalwa shaidu uku take saurara: kunnuwa, ido, sai tafin ƙafa da gaɓoɓi. In bakinsu ya zo ɗaya, kana tsaye daram ba ka ma san ana wani aiki ba. Amma in kunnen dama ya rantse ana juyawa, na hagu da ido suka ce ƙarya ne, nan ɗaki ke fara zagayawa, zuciya ta tashi, gumi ya karyo.

To duk jiri daga kunne yake ke nan?

A'a, kuma nan ne muke ruɗa likita. Hausa tana da kalmomin, mu ne muke dunƙule su. Hajijiya ita ce ka ga ɗaki na juyawa kamar yadda yara ke ji in sun yi wasan juyi. Ita Larabawa ke kira duwar, kuma ita ta fi alaƙa da kunne. Akwai kuma ganin duhu-duhu, kai ya yi fayau kamar za ka suma, yawanci in ka miƙe da sauri. Wannan ya fi zuwa daga jini bai isa kai ba na ɗan lokaci: ƙishirwa, maganin hawan jini da ya yi yawa, ƙarancin jini, sukari ya faɗi, ko bugun zuciya da ya rikice. Na uku shi ne tangaɗi: kai lafiya, ƙafa ce ba ta riƙe mutum. Tsofaffi da masu ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsu suka dushe sun san shi.

Dokha kuwa, kamar "jiri" ɗinmu, buhu ce da ake zuba komai. In ka ce wa likita dokha kawai, kada ka yi mamaki in ya auna jini ya sallame ka da ƙwaya.

Ta yaya zan gane irin wanda ke damuna?

Da agogo, da kuma lura da abin da ke tayar da shi. Wannan ita ce amsar da na fi so kowa ya riƙe. Hajijiyar da ba ta kai minti 1, kuma sai an juya kai take zuwa, ta fi kama da tsakuwar kunne. Wadda ke ɗaukar minti 20 zuwa awa 12 tare da toshewar kunne ɗaya da ƙara a cikinsa tana nuni ga cutar Meniere. Wadda ta kwantar da mutum kwana biyu ko uku babu sassauci, to ko kumburin jijiyar kunne ce, ko kuma abin da ya fi haka haɗari, wanda na yi bayani a tambayar kiran motar asibiti. Kowacce tana da amsarta a ƙasa.

Mutane sukan ce "wuni na yi ina jiri", alhali in an bi diddigi juyin na daƙiƙa 20 ne, sau shida a yini, sauran lokacin kasala ce da tsoron ya dawo. Bambancin nan kaɗai yana iya canza sunan ciwon da maganinsa.

Da na juya a gado ko na ɗago daga sujada sai ɗaki ya kife da ni. Mene ne wannan?

Wannan shi ne jirin kunne da ya fi kowanne yawa, kuma a takardar asibiti za ka ga an rubuta BPPV. Ni jirin tsakuwar kunne nake ce masa, don shi ne zahirin abin. Tsakuwoyin nan da na ambata a amsar farko, wasu ne ke ɓallewa daga jakarsu su gangara cikin ɗaya daga bututun nan uku, galibi na baya. In ka kwanta, ko ka juya ɓarin kunnen da abin ya shafa, ko ka ɗaga kai za ka ɗauko abu a saman kabad, ko ka sunkuya, sai su mirgina su ja ruwan, kunne ya aika da labarin juyin da ba a yi ba. Da sun natsu sai abin ya lafa. Ba ya shafar ji, ba ya sa ƙara a kunne.

Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi. Buguwar kai tana kawo shi, haka doguwar kwanciyar jinya, amma sau da yawa haka kawai yake zuwa da asuba. An kuma lura yana yawan dawowa ga masu ƙarancin bitamin D, wanda abin mamaki ya yi katutu a ƙasar nan mai rana, don duk muna gudunta daga gida zuwa mota zuwa inuwa.

Ba a gano shi da hoton kai ko gwajin jini. Likita zai zaunar da kai a gado, ya juya kanka gefe, ya kwantar da kai da sauri kai na ɗan reto, yana kallon idonka. In tsakuwa ce, bayan 'yan daƙiƙu ido zai fara wata irin rawa da ba ka iya hanawa. Likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, su suka bayyana gwajin a 1952, kuma har yau da sunansu ake kiransa.

An ce ana warkar da shi da hannu, babu ƙwaya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma na sha gani da idona. Dabarar Epley ake ce mata, sunan wani likitan kunne ɗan Amurka, John Epley, wanda ya wallafa ta a 1992. Hikimar ita ce a bi da tsakuwar ta cikin lanƙwasar bututun har ta faɗa jakar da ta fito. In kunnen dama ne: a juya kai kamar digiri 45 zuwa dama, a kwanta rigingine kai na ɗan reto, bayan kamar daƙiƙa 30 a juya kan zuwa hagu ba tare da an ɗaga shi ba, sannan a mirgina jiki kan ɓarin hagu har hanci ya kalli ƙasa, sannan a tashi zaune a hankali. Duka bai fi minti 5 ba. Akasarin mutane zama ɗaya ko biyu ya ishe su. Ana yi juyin zai taso da ƙarfi, har wata Hajiya ta damƙe hannuna tana salati tana cewa, "Ɗan nan, ka ce masa ya bari!" Washegari da ƙafarta ta je Harami.

Karon farko a bar wa likita ko ma'aikacin gashin ƙashi, don sai an san wane kunne ne da wane bututu. In tsakuwar a bututun kwance take, wata dabarar ce daban. Mai ciwon wuya ko na ƙashin baya, da wanda aka taɓa yi wa aikin ido ko yake da matsalar jijiyoyin jinin wuya, kada ya kwaikwayi bidiyon YouTube. In ciwon ya dawo, kuma yakan dawo wa mutane da yawa, wanda aka riga aka koya wa zai iya yi a gida da wani a kusa.

Yaya zan yi da salla kafin in warke?

Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya isar: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Wanda ruku'u da sujada ke kayar da shi ya zauna a kujera ya yi nuni, musamman a Harami inda daɓen marmara ne kuma faɗuwa ba wasa ba ce. Abin da ba na so shi ne mutum ya shekara a kujera saboda ciwon da minti 5 ke warkarwa. Duba amsar da ke sama.

Na yi mura, sai na wayi gari da hajijiya da amai, kwana uku ban iya tashi ba. Kunne ne?

Yana iya zama kumburin jijiyar da ke ɗauko labarin ma'auni daga kunne ɗaya, wanda ake dangantawa da ƙwayar bairos. Bayan aikin Hajji, da tari da mura suka gama zagaye tantuna, ba a rasa masu irin wannan. Juyin ba ya tsayawa ko an kwanta shiru, motsin kai ƙara shi kawai yake yi. Kwanakin farko su ne masu tsanani, sannan tangaɗi ya biyo na makonni. In ji ma ya ragu a kunnen, to kumburin ya haɗa da ɓangaren ji.

Warakar a nan ƙwaƙwalwa ce ke yin ta: tana koyon aiki da kunnen da ya rage ƙarfi. Kuma ba ta koyo a kwance. Da amai ya tsaya, a tashi a dinga takawa, a dinga kafa ido kan abu ɗaya ana juya kai dama da hagu. Sashen gashin ƙashi na asibitoci yana da atisaye na musamman don wannan. Sai dai kada kowa ya yanke wa kansa hukuncin cewa jijiya ce, don shanyewar ɓarin jiki kan zo da wannan rigar.

Yaushe ne jiri ya zama na kiran motar asibiti?

In hajijiya ta zo farat ɗaya tare da ɗaya daga cikin waɗannan: harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi, gani ya rabu biyu, haɗiya ta gagara, ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, ko mutum ya kasa zama ko tsayuwa sam ko an riƙe shi. Haka in akwai ciwon ƙirji ko suma. A kira 997, lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar, ko 911. Kada a tsaya shafa mai ko jiran ɗan da ya tafi aiki, don allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da ita. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan taba da dattijo, su ko babu sauran alamun, sabuwar hajijiya da ta ƙi tsayawa ta isa a kai su ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti. A sani kuma hoton kai na siti (CT) na farko kan fito lafiya alhali akwai matsala a ƙeyar ƙwaƙwalwa. Na MRI ya fi gani.

Akwai gaggawa ta biyu da mutane ke rainawa: kunne ɗaya ya daina ji cikin dare ɗaya. Ana cewa dauɗa ce ko ruwan wanka. In jijiyar ji ce, maganinta ya fi aiki in an fara cikin kwanakin farko, bayan mako biyu kuwa damar ta ragu ƙwarai.

Kunnena na toshewa yana ƙugi, sannan hajijiya ta biyo na awanni. Tana tafiya tana dawowa.

Haka cutar Meniere ke yi, wadda likitan Faransa Prosper Meniere ya bayyana a 1861, lokacin da ake ɗauka duk hajijiya daga ƙwaƙwalwa take. Ana danganta ta da taruwar ruwa fiye da kima a kunnen ciki. Ana tabbatar da ita da gwajin ji, kuma jin yakan ragu ya dawo, da shekaru kuma ya dinga raguwa. Ba a yi mata Epley.

Likitoci kan fara da rage gishiri, wani lokaci da maganin sa fitsari ko Betaserc, in ta ƙi a yi allura ta dodon kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Matsalarmu ba gishirin da ake barbaɗawa ba ne, dunƙulen miya ne da taliyar leda, sai zaitun da cuku da mukhallal, kayan lambun da ake jiƙawa a ruwan gishiri, da muka koya a nan. Wasu suna samun sauƙi in sun rage gahawa da shayi, wasu ba sa ganin bambanci.

An yi duk gwaji an ce kunnena lafiya, amma hajijiyar na nan.

A tambaya ko kana da ciwon ɓarin kai, ko ka taɓa yi a ƙuruciya. Akwai hajijiyar da ke cikin danginsa, tana ɗaukar minti 5 har zuwa kwana 3, wani lokaci ba tare da kan ya yi ciwo ba, sai dai haske da hayaniya su dami mutum. Rashin barci, tsallake abinci da ƙamshi mai ƙarfi suna tayar da ita; masu turaren wuta a rufaffen ɗaki su lura. Akwai kuma waɗanda ciwon farko ya warke amma tsoro ya bar musu tangaɗi, ya fi tsananta a kasuwa ko cikin taro. Wannan ma ciwo ne na gaske, kuma yana jin atisaye da magani.

Ɗawafi na kawo jiri, tunda zagaye ne?

Da wuya zagayen kansa ya zama sanadi, don da'irar tana da faɗi kuma tafiyar a hankali ce. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zafi, ƙishirwa, yunwa da rashin barcin tafiya, sai tekun jama'a da ke motsi ta ko'ina har ido ya rasa abin kamawa. Mai tsakuwar kunne kuma ɗaga kai kallon hasumiyar agogo ko ɗaga fuska a addu'a ya isa ya tayar masa. A sha Zamzam kafin a fara, a zaɓi dare, a kafa ido kan abin da ba ya motsi. Sa'ayi kaɗai kimanin kilomita 3 ne, don haka hawa keken turawa ba abin kunya ba ne.

Kada a ɗora wa kunne laifin rana. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomi sun sanar da rasuwar mutum 1,301. Jiri a rana tare da jiki ya yi zau da ruɗewar magana bugun zafi ne: inuwa, a jiƙa jiki da ruwa, a kira agaji.

Me ya sa hanyar Ɗa'if da jirgin sama ke juya min kai?

Abu biyu ne daban. A kwane-kwanen dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'if kunne na jin mota na lanƙwasa, ido kuma yana kan waya yana cewa zaune ake. Rigimar shaidun nan ce. Zauna gaba, kalli nesa, ajiye waya. A jirgi kuwa, da ma hawan dutsen, iska ce ke matsa dodon kunne in 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ta toshe da mura. Haɗiyar yawu, hamma da tauna cingam lokacin sauka suna buɗe ta.

Ƙwayoyin jiri da ake samu a saidaliyya, wato kantin magani, fa?

Stugeron da Stemetil da Dramamine suna kwantar da amai da juyi a kwanakin farko na hajijiya mai tsanani, kuma nan amfaninsu ya tsaya. Bayan kamar kwana 3 sai su koma cikas, don suna dusashe saƙon da ƙwaƙwalwa ke buƙata ta koyi sabon ma'auni. Ba sa mayar da tsakuwa mazauninta. Suna sa gyangyaɗi, kuma a jikin tsoho doguwar shan Stugeron ko Stemetil na iya kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki. Na san gidajen da ake ajiye su kamar Panadol, har ana aika wa 'yan'uwa a Kano da Damagaram tsaraba.

Akwai kuma magungunan da su kansu ke lalata kunnen ciki: allurar jentamaisin da sitiraftomaisin, kuma ɓarnarsu kan zama ta dindindin. Kwinin da asfirin mai yawa suna sa ƙugi a kunne. Wanda ya dawo daga gida bayan an yi masa jerin allurai a kemis, yanzu yana tangaɗi a duhu kuma duniya na rawa in yana tafiya, ya faɗa wa likita wannan tarihin.

Dauɗar kunne, ɗiga man zaitun, ƙaho da ruƙiya: wanne ke taimakawa?

Dauɗa in ta cushe tana rage ji, amma ba kasafai take kawo hajijiya ta gaske ba. Tsinken auduga tura ta ciki yake yi. Mai na tausasa ta, da sharaɗin dodon kunne bai huje ba. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya kada a ɗiga masa komai sai abin da likita ya rubuta. Irin wannan kunnen in ya daɗe yana wari sannan jiri ya shigo, a gaggauta, don ciwon na iya cin ƙashi ya isa kunnen ciki. Ruwan da ya fi jiki sanyi ko zafi in aka ɗura a kunne shi kansa yana kawo juyi nan take. Robert Barany na Ostiriya ya lura da haka wajen wanke wa marasa lafiya kunne, ya mai da shi gwaji, kuma aikinsa kan ma'aunin kunne ya ba shi kyautar Nobel ta 1914.

Addu'a da ruƙiya ba wanda zai hana ka, ni ma ina yi. Ƙaho ba ya motsa tsakuwar kunne, kuma mai ƙarancin jini ƙara masa jiri zai yi. Abin da ke ci min rai shi ne a ga idon mutum na rawa a ce iska ce, a shafe wata guda ana hayaƙi, alhali rawar idon ita ce alamar da likita ke nema.

Azumi na tayar da jirin kunne? Maganin ɗigawa na karya shi?

Jirin la'asar a Ramadan yawanci na ƙishirwa ne da saukar jini ko sukari, irin na biyu da na bayyana a sama. Mai shan maganin sa fitsari ko na hawan jini ya sa likita ya gyara masa lokutan sha kafin watan ya kama. Game da ɗigawa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta ce maganin ɗigawa a kunne da wankin kunne ba sa karya azumi matuƙar ba a haɗiye abin da ya isa maƙogwaro ba.

Wane likita zan nema, kuma me zan ce masa?

Sashen anf wa uzun wa hanjara, wato hanci da kunne da maƙogwaro. Ana iya farawa daga mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, kuma layin 937 na Ma'aikatar Lafiya yana ba da shawarar likita dare da rana. Ka tafi da duk magungunanka a leda, har na gargajiya. Ka faɗi abu huɗu: juyi ne ko duhu-duhu ko tangaɗi, daƙiƙa nawa ko awa nawa yake yi, me kake yi ya taso, ji ya canza ko akwai ƙara. In juyin na zuwa da kwanciya kuma ba a kwantar da kai an kalli idonka ba, ka roƙa a yi.

Kafin ranar ganin likita, direba ya ajiye mota, mai aikin gini ya bar tsani. A gidan da akwai tsoho a bar fitila a hanyar banɗaki, a naɗe dardumar da ke zamewa, kuma in ya farka ya zauna a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe zuwa alwalar asuba.